Ajin Waɗanda Suka Faɗi

Tsohuwa ta leƙa tagar ajin tana haki. Tun daga unguwar Wadata ta biyo ɗiyar maƙwabta har jami'ar da ke Harobanda, don ta ga saurayin da ke fitar da ita kowace la'asar.

Babu saurayi. Yarinyar ce tsaye gaban allo, tana koyarwa.

"Wane aji ne wannan?" tsohuwar ta tambayi mai gadi.

"Na waɗanda suka faɗi, Inna. Wanda ya sake faɗuwa, jami'a ta sallame shi."

"Ikon Allah! Bari in ga ɗiyan wa da wa."

Ta miƙa wuya. A bencin gaba ga jikanta, wanda ta cika unguwa da guɗar ya ci jarrabawa, yana rubutu yana gumi.

Ta ja mayafi, ta dubi mai gadi. "Ɗan nan, ba ka gan ni ba."