Mai Gawayi da Ciwon Ƙwaurinsa

Ka tambaye ni yadda iskar da muke shaƙa ta shafi garkuwar jiki. To, gyara zama ka ji misalin wani mai gawayi.

Mutumin nan ya tsufa a bakin rami, kuma duk yankinsu ba wanda ya kai shi iya sana'ar. Sai ya jera itace, ya lulluɓe da ɗanyen ganye, ya bi da ƙasa ya dinga daddaɓewa, ya bar 'yar kafa wadda da ƙyar yatsa zai shiga. Ya san in iska ta yi yawa a ramin, toka zai kwasa da safe. Saboda haka tun yana saurayi ya riƙe karatu ɗaya tak, cewa abin da aka toshe shi ke nuna. Da wannan karatu ya ci, da shi ya sha, har ya ɗauka duniya duka ramin gawayi ce.

Ran nan gatari ya goce ya sare shi a ƙwauri. Gogan naka bai yi wata-wata ba, ya yi wa ciwon abin da yake yi wa rami. Ya kwaɓa laka ya liƙe bakin, ya naɗe da tsumma, ya kawo robar tayar keke ya ɗaure tamau, wai kada iska ta shiga ta ɓata masa aiki. Ƙafa ta kumbura ta yi sumtum, yatsun suka yi sanyi, ɗoyi ya fara korar mutane daga tabarmarsa. Shi kuwa sai ƙara ɗauri yake yi, yana cewa nuna take. Da zazzaɓi ya kayar da shi, maƙerin da ke sayen gawayinsa ya ɗora shi a amalanke sai asibitin gari. Nan aka ce masa da ya ƙara jinkiri, da ƙafar nan sai yanka, kuma ko yanzu ba ta tsira daga hakan ba tukuna. Tsoro ya kama shi ƙwarai, don mai ƙafa ɗaya ba ya shiga daji sarar itace.

Ma'aikaciyar da ta tsinke robar ta wanke ciwon ta ji dalilinsa, ba ta yi masa dariya ba. Ta ce, "Baba, rabin maganarka gaskiya ce." Ta gaya masa cewa a cikin jini akwai wasu fararen ƙwayoyi, su ne sojojin jiki. A cikin ɓargo ake haifarsu, can tsakiyar ƙashi inda iskar oksijin ba ta da yawa, kuma ƙarancin nan shi ke adana iyayensu, wato ƙwayoyin da ke haifarsu, kada su ƙare da wuri. Amma in yaƙi ya tashi, suka isa bakin ciwo suka haɗiye ƙwayoyin cuta, da iskar nan suke ƙona su. Jini ne ke ɗauko ta daga huhu ya kai musu. Shi kuwa da robarsa ya datse hanyar jinin, ya bar sojojinsa a fagen fama ba abin hura wuta.

Da tsoho ya ji haka, sai hankalinsa ya tafi maƙerar abokinsa, mai sayen gawayinsa. Gawayin da ya yi rainonsa a rami cikin ƙarancin iska, shi ne dai wanda maƙeri ke bi da zugazugi har ƙarfe ya yi ja ya lanƙwashe. Ya sha tsayawa yana kallon haka, bai taɓa haɗa biyun ba. Ashe tun ran da aka haife shi yana yawo da ramin gawayi a cikin ƙashinsa, ga maƙera a duk inda ƙaya ta soke shi, ga zugazugi a ƙirjinsa yana aiki ko yana barci, ba wanda ya taɓa neman izininsa. Ya ɗora hannu a ƙirji yana jin yadda yake tashi yana sauka. Sai ƙwalla ta cika masa ido, ya ce, "Allahu Akbar! Ni da nake ganin na san iska."

Ba a yanke ƙafar ba. Sannu a hankali ɗumi ya dawo wa yatsun, ciwon ya kame, ya bar masa tabo da ɗan ɗingishi. Ya koma bakin raminsa yana toshewa kamar da, don can toshiya ce magani. Amma ko ɗaurin wandonsa ne ya matse shi, sai ka ga ya sassauta yana murmushi.

Ka ga, iskar dai ɗaya ce, gawayin ma ɗaya ne, wurin ne ya bambanta. Shi ya sa Hausawa suka ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.