Kawo In Rubuta Miki

Kafin Inna ta goge gilashin taga da tsohuwar jarida, sai ta shimfiɗa ta a cinya ta karanta. Kullum haka take yi, har abokan aiki suka laƙaba mata suna Mai Jarida.

Shekararta goma sha tara tana shara da goge-goge a wani dogon ginin ofisoshi mai hawa biyar, wanda lif ɗinsa ya fi daɗewa a lalace. Gwiwoyinta sun gaji. In ta kai hawa na uku da bokiti sai ta jingina da bango, ta yi kamar ƙura take dubawa.

A aji huɗu na firamare karatunta ya tsaya. Turancin da ta iya, a jaridun nan ta tsince shi, kalma-kalma. Wadda ta gagare ta sai ta yage wurin ta cusa a aljihun rigar aiki, ta tambayi mai gadi. Daga baya ta sayi littafin rubutu. Lokacin hutun rana, wasu na gyangyaɗi a ɗakin tsintsiya, ita tana kan bokitin da ta kife tana rubuta layi biyar a kan abin da ya faru ranar: famfo ya fashe, sabulu ya ƙare, an yi baƙi.

"Mai Jarida, minista za ki zama ne?" in ji wata abokiyar aikinta.

"Ko ban zama ba, zan iya karanta sunan wanda ya zama."

Da dalilinta. Shugabar masu shara za ta yi ritaya a ƙarshen shekara, aikinta kuwa na zama ne: a raba aiki da safe, a rubuta rahoto da Turanci da yamma. Kujera. Abin da gwiwoyin Inna ke roƙo ke nan.

Wata ranar hutu ta daure ta miƙa wa Auta littafin. Auta ce 'yarta ta ƙarshe, ta gama jami'a da gumin sharar nan, kuma Turancin ma ta karanta. Tana kwance a doguwar kujera da waya a hannu. Ta buɗe shafin farko, ta buɗe na biyu, sai ta tuntsire da dariya.

"Wayyo cikina! Inna, Turanci kike rubutawa ko dambe kuke yi da shi?" Ta ɗaga murya. "Yaya, fito ka ji Baturiyar gidanmu!"

Wanta ya fito daga ɗaki. Auta ta maƙale murya a hanci, ta shiga karantawa layi-layi, suna dariya har da hawaye. Inna ma ta tayar da tata dariyar, don ta rasa inda za ta ajiye fuskarta.

"To nuna mini inda na kauce mana, 'yar nan."

"Ai in na fara sai gobe. Ki daina wahalar da kanki, Inna. Duk abin da kike so, kawo in rubuta miki. Mene ne amfanina?"

Ba da mugunta ta faɗa ba. Ta kuma cika alkawari. Fom ɗin asibiti, saƙon waya, takardar neman hutu, minti biyu ta gama, rubutu tas kamar na inji. Littafin Inna ya koma ƙasan akwati. Wata biyar bai ga haske ba.

Da aka buɗe neman kujerar, Auta ce ta rubuta takardar. Bayan mako biyu manaja ya kira Inna ofis.

"Inna, takardarki ta fi ta kowa. Ni dama ke nake so, kin san ginin nan fiye da wanda ya gina shi. Abu ɗaya ya rage, ƙa'ida ce." Ya turo mata farar takarda da biro. "Rubuta mini rahoton yau, layi goma, kamar yadda za ki riƙa yi kullum."

Ta san abin da za ta ce. Ruwa ya zubo daga rufin hawa na huɗu ya jiƙa kafet. Mutum biyu ba su zo aiki ba. Ta sha rubuta irin wannan a kan bokitinta. Ta ɗora biro, ta rubuta layin farko, sai ta ji shi a kunnenta da muryar nan ta hanci. Ta soke. Ta sake wani, ta soke. Kalmomin da ta yi shekaru tana tsinta duk sun watse. Fanka na juyawa, manaja na duba agogo a ɓoye.

Bayan minti ashirin ya jawo takardar. Layi uku ne, duka a soke. Ya ajiye ta kusa da takardar neman aikin, ya daɗe yana kallonsu.

"Wa ya rubuta wannan?"

"'Yata."

"Kullum za ta riƙa biyo ki aiki?" Ya shafa fuska. "Wallahi ba da son raina ba. Rahoton nan sama yake tafiya, ba ni kaɗai ke karantawa ba. Dole in ba wadda ke bi miki."

Ya soma wata magana a kan haƙuri da wani lokaci. Inna ta rufe biron da murfinsa, ta ajiye masa. Ta dafa tebur da hannu biyu ta miƙe a hankali, ta ɗauki bokitinta a bakin ƙofa, ta nufi bene.

Mai karatu, wanda ke fafutukar koyon harshen da ba nasa ba, dariyarka na iya kashe masa hannu, karɓe masa biro kuma ba taimako ba ne. Zauna kusa da shi, nuna masa inda ya kauce, ka bar shi ya rubuta da kansa.