Tsohon da ke Cikin Wayata

"Turo min shi yanzu," in ji uwar ɗakina. Ta ajiye almakashi, ta miƙo hannu.

Da safe ina ɗaukar bidiyon sababbin ɗinkuna a ƙofar shago, sai ga wani tsoho ya faɗo cikin hoton, tsirara, a rikice, yara na bin sa da ihu. Lokacin ba ta nan. A bakin sauran ma'aikata ta ji labari.

"Anti, an koya mana cewa wanda ya rufa wa wani asiri, Allah zai rufa masa nasa."

Shagon ya kwashe da dariya.

"Ku ji min malama! Ke da ko gaisuwa sai kin sunkuyar da kai? Wannan karatun na zamanin fitilar ƙwai ne, yarinya. Yau abin da ido ya gani ɗora shi ake yi. Kafin magariba duk gari ya san sunan shagon nan. Ki turo, ko ki tattara naki ya naki."

Na ɗago ido na dube ta. Na juya mata fuskar wayar, na goge bidiyon tana kallo.

"Fita!"

Na fita, rana na dukan kaina. Ban bi hanyar gidanmu ba. Gidanta na nufa don in karɓo mayafina.

Na tarar da mahaifinta, tsohon nan na cikin bidiyon, yana barci a inda na kwantar da shi da safe, mayafin na lulluɓe da jikinsa. Na gyara masa shi, na ja ƙofa.