Filin da Matuƙin Ya Ƙi Sauka

"Matuƙi, tankinka na yoyo! Ka sauka yanzu!"

A ɗakin sa ido na kamfanin, injiniyar ta damƙe makirufo da hannu biyu. Ita ta ƙera ƙaramin jirgin nan da ba ya shan mai, iskar haidurojin yake mayarwa lantarki ya tashi da ita. Yau ne gwajinsa na farko, ga allon gabanta ya yi jawur. Tartsatsi kaɗan ya isa ya tayar da gobara.

"Ba zan iya kaiwa filinmu ba," in ji matuƙin ta rediyo, muryarsa ko rawa ba ta yi.

"Akwai fili a ƙarƙashinka, ina ganinsa a taswira. Sauka a nan!"

"Na gan shi."

"To me kake jira?"

A allo, jirgin ya karkata ya bar gari, ya nufi tafki. Shugaban kamfanin ya dafe kai yana salati, don kowa a ɗakin ya san jirgin ba zai jure ruwa ba.

"Umarni nake ba ka!" Kuka ya ci ƙarfinta. "Don girman Allah ka juyo!"

"Ba ki duba da kyau ba," ya ce a hankali. "Filin ƙwallon makaranta ne. An fito shan iska, yara sun cika shi."

Ta sake kallon taswirar. Ta gane makarantar, ta 'ya'yanta ce.

"Maman 'yan biyu," mijin nata ya kira ta da sunan da bai taɓa faɗa a wurin aiki ba, "yau ke za ki je ɗauko su."

Sai rediyon ya ɗauke.