Zaren Kofur Tamika

Loretta ta karanta saƙon mijinta sau uku a tsaye a kicin. Saje Wendell Pruitt, wanda ya yi wata biyu a sansanin soja a Kuwait, yana son zaren ulu ƙulli shida da allurar saƙa.

Ba nasa ba ne, in ji shi. Na wata Kofur Tamika ne a rundunarsu, marainiya, ba ta da mai aiko mata da komai.

Shekara goma sha tara da aurensu, Wendell ko maɓallin rigarsa bai taɓa ɗinkewa ba, bai kuma taɓa yi wa wata mace roƙo ba. Loretta ta kira shi ta bidiyo ranar Lahadi bayan coci.

"Me za ta saƙa?"

"Rigar sanyi."

"A Kuwait? Yaya girmanta?"

"Kamar ke. Daidai ke, har kafaɗa."

Loretta ta yi murmushi ta ce to. Ta ga filasta a yatsunsa biyu, amma hankalinta na kan yadda aka yi ya san faɗin kafaɗar wata.

Washegari ta shiga shagon Anti Odessa, tsohuwar da ke sayar da kayan saƙa kusa da gidan waya.

"Anti, ba ni zaren da ya fi kowanne muni."

Odessa ta dube ta ta saman tabarau, ta shiga ciki, ta fito da wani ulu ruwan ɗorawa mai ratsin kore.

"'Yata, wannan na tabarmar ƙofa ne. In ya taɓa fata, sai mutum ya yi susa har ya yi jini."

"Ƙulli shida."

Loretta ta shirya zaren a kwali da kyau, har da alewa da kati mai cewa Allah ya yi albarka.

Bayan wata guda aka ce zare ya ƙare, Tamika ta warware hannun riga sau huɗu. Loretta ta sake aika irinsa. Da aka nemi na uku, Odessa sai da ta yi odarsa daga birnin Atlanta, don babu wanda ya taɓa saye kafin Loretta.

A watan Disamba rundunar ta dawo gida jihar Georgia ta Amurka. A zauren tarba, mata na ɗaga kwalaye masu sunayen mazajensu, yara na kuka. Loretta ta sha kwalliya, tana bin ƙirjin kowace soja mace da ido tana karanta suna. Ta ga Ortega, ta ga Whitlock. Ba ta ga wuya mai ƙuraje ba.

Wendell ya rungume ta, ya ɗaga ta sama. Da ƙafafunta suka taɓa ƙasa ta ce, "Ina marainiyar taka? In gaishe ta."

Abokansa uku da ke bayansa suka kau da kai suna danne dariya. Wendell ya sosa ƙeya, ya buɗe jakarsa, ya zaro riga ruwan ɗorawa mai ratsin kore, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ya riƙe mata wuyan a buɗe a gaban kowa.

"Babu wata Tamika, Loretta, kunya na ji in ce ni ne ke saƙar. Saka mu gani. Da na ga sau uku kina zaɓo launin nan, na san kina sonsa."