Kwaɗo a Marfin Tanki

To, tun da ka ce ka riga ka gano wanda ya cuce ka, dakata in ba ka wani misali tukuna, in ya so ka je ka yi abin da ka ga dama.

An yi wani mutum mai mota a-kori-kura. Tsohuwa ce, amma da ita yake ci da iyalinsa, yana kwaso albasa daga fadama ya kai kasuwar birni. Lungun gidansu ko amalanke da ƙyar take shiga, don haka a ƙofar gidan maƙwabcinsa, wani manomin rani, motar take kwana. Tun suna samari suke ciyayya: da an idar da magariba kowa ya fito da kwanon tuwonsa, su shimfiɗa tabarma a gefen motar su ci tare. A shekarar da ruwan ƙarshen damina ya cinye kwalbatin garin, har aka koma bi ta cikin yashin rafi kafin a hau kwalta, sai mota ta tsiri shan mai. Man da a da yake kai shi birni ya dawo da shi har da saura, yanzu a hanya yake ƙare masa. Bawan Allah ya rasa inda zai sa kansa. Ya kai ta gareji aka canja filogi, aka wanke kafireta. Bakanike ya kasa kunne ya saurari inji, ya leƙa ƙasa ko tanki na yoyo, ya ce shi dai bai ga ciwo ba. Mota kuwa ba ta fasa halinta ba. Ribar lodi duk ta koma gidan mai, miyar gidansa ta fara tsinkewa. Ka kuwa san babu, ba ta zuwa ita kaɗai, sai ta riƙo hannun zato. Wata safiya yana ɗumama mota sai ya jiyo injin ban-ruwan maƙwabcin nan yana ta ruri a fadama, ya ce a ransa, shi wannan inji da me yake tashi kullum, da ruwan rijiya? Ya wuce wajen mai walda aka yi wa marfin tankin kunne, ya ɗana masa kwaɗo, ya dawo ya ajiye motar inda ya saba.

Maƙwabci ba yaro ba ne. Ya fito alwala ya ga kwaɗo yana reto a marfin tankin motar da ke ƙofar gidansa. Kashegari ya ɗauki galan ya je bakin titi ya sayo fetur, maimakon ya miƙe fadama sai ya zagayo ta cikin lungu, ya tsaya a ƙofar mai mota ya gaishe shi, galan cike a hannu. Haka ya riƙa yi duk safiya. Mai mota ya ce borin kunya ne. Daga nan kwanon tuwon maƙwabci ya daina fitowa, yau a ce ya yi baƙo, gobe a ce cikinsa ne ba daɗi. Shan mai kuma, da kwaɗon da babu kwaɗon, yana nan yadda yake. Ana cikin haka wata rana taya ta fashe masa a kan kwalta, da lodi a baya. Mai faci ya gama liƙi, ya bi sauran tayoyin da ma'auni, ya ɗago ya ce, "Maigida, a haka kake hawa kwalta da kaya? Ai wannan jan ciki take yi, dole ta sha mai." Nan take mai mota ya tuna. Shi da hannunsa, ranar da ya fara bi ta rafi, ya sa tsinken ashana ya rage wa tayoyin iska don kada su nutse a yashi, yadda duk direbobin yankin suke yi. Sai dai su da sun hau titi suke tsayawa a ƙara musu. Shi kuwa, gudun kada kasuwa ta faɗi kafin ya isa, kullum sai ya ce gobe, har abin ya fita daga ransa.

Aka cika tayoyi da iska, ya dawo gida da sauran mai a tanki. Ya ɓalle kwaɗon ya jefar, ya tafi wajen maƙwabcinsa ya durƙusa ya faɗi duk abin da ya saƙa a ransa. Maƙwabcin ya ce, "Ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Kuma da gaske ya yafe, don har yau motar a ƙofarsa take kwana. Amma da magariba mai mota kan shimfiɗa tabarma ya ajiye kwanonsa ya zauna, maƙwabci ya dawo daga masallaci, ya gaishe shi cikin fara'a, ya tambayi iyali, ya shige gida. Tuwon yakan huce kafin ya iya cin rabi.

Ni dai tausayi yake ba ni, don ba mugu ba ne, matsi ne ya rufe masa ido ya manta da tsinken ashanar da ke aljihunsa. Kai ma kafin ka tafi, laluba naka aljihun. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.