Wankin Giyar Motar Malam

"Cewa na yi ka juye man giya ka zuba sabo! Wa ya sa ka wanke ta da inji?" Mijina, Malam Ja'afaru, ke yi wa Salman makanike tsawa a Ikara. "Tsohuwar mota, dattin ne ke riƙe da giyarta. Yanzu ko motsi ba ta yi!"

Na taya shi: "Ka cuce mu, Salman!"

Malam ya juya a fusace, ya yi karo da benci. Haka kwanakin baya ya kusa take 'yan makaranta da motar a Kudan, amma ya dage idonsa ƙalau.

Da ya yi nisa na juya ga Salman, na rage murya.

"Ka yi yadda na ce, ɗana. Ko ya roƙe ka, ka ce motar ba ta gyaruwa."